Mil Ɗari Shida Saboda Ɓallin Ƙashi

Asabar: fita daga Greensboro

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Asabar muka bar Greensboro, ni da Baba, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, 'yan'uwa na Damagaram, ba da son raina na fita ba. Na tashi daga aikin yamma ban samu barcin kirki ba, idanuna kamar an watsa musu barkono, ga mil ɗari uku a gabana, duk a kan wani ɓallin ƙashi da bai cika tafin hannu ba.

Ga mafarin abin. Kun san Baba, Malam Habu baduku, wanda rabin gafakokin unguwarmu daga hannunsa suka fito. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai inuwa-inuwa yake gani, shi ya sa na ɗauko shi wata biyar da suka wuce. Likita ya ba mu randebu na aikin ido ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe. Saura mako huɗu jirginsa ya tashi, kuma idan Litinin ɗin nan ta wuce mu, babu wani gurbi sai bayan ya tafi. Wato ya koma gida yadda ya zo, ana ja masa sanda.

A babban siton da nake aikin safe, bayan titin Wendover, akwai wani baƙar fatan Amurka mai tuƙa motar ɗaga kaya, sunansa Dale. Wata rana ya miƙo mini wani abu, ya ce gwaggonsa ce ke tsintar irinsu a bakin teku a tsibirin Edisto, can jihar South Carolina. Baƙi ne, mai nauyin dutse, kusurwa shida, kaurinsa ya kusa yatsa biyu. A fuskarsa akwai da'ira a tsakiya, wasu ƙanana sun kewaye ta kamar fure. Ya ce guntun sulken wata dabba ce da ta ƙare tun zamanin da. Na kawo gida na ɗora kan talabijin na manta. Baba ya lalubo shi, ya shafa, ya shafa, sai ya ce wannan hatimi ne, irin zanen da kakansa ke bugawa a murfin gafaka. Daga nan ya yanke hukunci: cikin bayin da aka tsallako da su akwai baduku ɗan ƙasarmu, shi ya sassaƙa wannan. Kuma ba wanda zai taɓa masa ido sai ya je ya yi wa mutumin addu'a a inda ya kwanta.

Mako uku ina fama. Na je ɗakin karatu na cikin gari na bugo takardu da hotuna, na kawo wa mutumin da ba ya gani. Minti arba'in nake da su tsakanin aikin sito da sharar ofisoshi a titin Elm, maimakon in ci abinci in miƙe ƙafa, sai in zauna gardama. Kuma kun san ni ne ɗan fari. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa zama hira da ni ba. Ina zaune taku biyu da shi zai juya wajen matata Rakiya ya ce, "Ɗiyata, gaya wa mai gidanki boko bai san aikin hannu ba."

Motata tana zafi in an yi nisa, don haka na je Pleasant Garden ranar Juma'a na aro ta Alhaji Tanko, mutumin Kumasi. Ya buga bayanta ya ce, "Chale, motar nan ba ta da wahala ko kaɗan. AC ne kawai ya mutu. Sai ƙofar baya. Sai in ka wuce sixty-five tana rawa small small." Rakiya ta cika mana kula da dambun shinkafa da zogale, ta sa fulas na shayi. Niyyata mu je mu dawo a yini guda.

Greensboro zuwa Rockingham, mil tamanin

Ba mu yi minti goma ba Baba ya fuskanci gilashin gaba ya ce, "A gaya wa direba ya rage gudu." Mu biyu ne a motar. Na duba allura, hamsin da biyar nake yi, manyan kamyo suna wuce ni suna hon. Tun daga nan na zama direba, kuma ban sauka daga muƙamin ba har muka dawo.

Biyar da kwata muka tsaya a gidan mai a Asheboro don sallar asuba. Baba ya zaro butarsa daga jaka, wadda ya taho da ita tun daga Damagaram, ya ce a cika masa. Matar da ke kanti ta bi ni da ido ina shiga bayan gida da buta mai launin kore da ja. Muka shimfiɗa darduma a gefen injin hura taya. Na sa mai na dala talatin da biyar, Baba ya ce a mayar masa da shi sefa, na mayar, ya yi salati ya ce isansin ƙasar nan da zuma ake haɗa shi.

Daga Asheboro zuwa Rockingham mun tsaya sau uku. Na farko shayi, na biyu abin da shayi ke jawowa, na uku kuma don ya ji ƙamshin itatuwan da ke gefen hanya, ya ce a ciro masa ganye ya murza ya ji ko suna jima. Ba sa jima. Duk tsawon hanyar ƙashin nan yana hannunsa na dama, babban yatsa yana zagaya shi kamar mai jan carbi.

Florence, ƙarfe tara saura kwata

Taswirar da na bugo a kwamfuta ta ce in yi hagu bayan iyakar jiha, na yi hagu, na tsinci kaina tsakanin gonakin taba, babu gida babu mutum. Mil goma sha huɗu na ɓata kafin in dawo hanya. Baba ya ce, "A gaya wa direba a ƙasarmu in mutum ya ɓace tambaya yake yi." Na ce, "Baba, wa zan tambaya? Shanu?" Ya ce, "An ji direba yana da baki."

A Florence muka hau babbar hanya ta 95, muka miƙa kudu. Rana ta fara dukan gilashi, ga iyakwandishan a mace kamar yadda Alhaji Tanko ya yi alkawari. Na sake gwada sa'ata. Na ce, "Baba, takardun nan sun ce sunan dabbar giliftodon. Girmanta kamar ƙaramar mota. Ƙoƙon bayanta kamar na kunkuru, amma ba kunkuru ba ce, tana shayar da 'ya'ya. Irin wannan ɓallin sama da dubu ne a jikinta."

Ya ce, "Ka gan ta?"

"Ta ƙare fiye da shekara dubu goma."

"To wa ya gan ta?"

"Ƙasusuwanta aka tono."

"Yo ni ma ai ƙashi na ce. Da ƙashin raƙumi kakana ke sassaƙa hatimi."

Ba zan ɓoye muku ba, na lura wannan karon bai ce a gaya wa direba ba. In gardama ta yi zafi yakan manta da ɗan aiken nasa.

Bayan Santee: mushe da jandarma

Goma da rabi, mun tsallake doguwar gadar tafkin Santee da 'yan mil, sai na hango wani abu a gefen kwalta, mota ta buge shi, ƙafafu a sama. Bakina ya ja mini. Na ce, "Ga ma ƙaramin danginta can, amadilo, wanda ya rage a duniya." Kafin in rufe baki Baba ya ce a tsaya. Na ce ba a tsayawa a wannan hanya. Ya kama hannun ƙofa. Na tsaya.

Ku ƙaddara hoton: tsoho da babbar riga da hula, ɗansa yana riƙe da gwiwar hannunsa, suna takawa baya a gefen hanyar da motoci ke gudun mil saba'in, za su gaida mushe. Dabbar ba ta fi kyanwa girma sosai ba, kunnuwa kamar na jaki, hanci dogo, jiki duk sulke. Wari kuwa ba a magana. Baba ya tsuguna ya sa hannu. Na ce, "Baba, mushe ne!" Ya ce, "Shekara hamsin ina taɓa abin da ya mutu."

Ya bi ta da yatsu daki-daki. Ya ce garkuwa ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a tsakani kuma ɗamara-ɗamara. Ya ƙirga su, tara. Ya tura yatsa tsakanin biyu ya ce, "Ka ji dabara. An bar fata mai laushi a tsakani don ta iya lanƙwasa. Haka muke yi wa kuben takobi a wuya." Ya shafa jelar ya ce zobba ne aka zura cikin juna. Muryarsa ta canja, irin wadda nake ji ina yaro idan an kawo masa fatar kirki daga majema.

Ana haka sai fitila shuɗiya ta haska a bayanmu. Jandarman hanya ne, dogo, da faffaɗar hula. Ya nemi fermi, wato lasisin tuƙi, da takardun mota, ya ga sunan da ke takardar ba nawa ba ne, sai da na yi bayanin Alhaji Tanko tun daga tushe. Sannan ya dubi Baba ya ce, "Me dattijon yake yi?"

Na ce, "Yana duba fata. Sana'arsa ce."

"Ba ci zai yi ba?"

"A'a!"

"To gaya masa ya wanke hannu sosai. Wasunsu suna ɗauke da kuturta."

Na fassara wa Baba da ƙarfi, har da ƙari. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Tambaye shi ko an yarda a feɗe." Ban tambaya ba. Na ce wa jandarman Baba yana godiya. Mutumin kirki ne, ya ɗauko ruwa da sabulu daga motarsa ya zuba wa Baba da kansa, ya tsare mana hanya har muka hau. Da muka yi nisa Baba ya ce, "Direba bai fassara abin da aka ce ba." Na ce ai bai ji Turanci ba. Ya ce, "Na ji tsawonsa."

Edisto, ƙarfe biyu saura

A Walterboro muka sauka daga babbar hanya, muka ci dambu a inuwar wani kanti, muka haɗa azahar da la'asar. Daga nan mil arba'in da biyar ne zuwa tsibirin, siririyar hanya ƙarƙashin manyan itatuwa masu wani farin gemu yana reto, ga fadama hagu da dama. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma ni lissafin awa nake yi: in mun gama ƙarfe huɗu, tara na dare muna gida.

Gidan gwaggon Dale, Misis Loretta, ƙaramin gidan katako ne mai shuɗiyar ƙofa. A jikin ƙofar an manna takarda da sunana. Ta tafi jana'iza wani gari, sai dare za ta dawo, mu zo gobe ƙarfe takwas kafin ta tafi coci. Na karanta sau biyu. Na kira Dale, wayata ba sabis. Na jingina da mota na ce innalillahi, kuma ba don mamacin na faɗa ba.

Baba ya ce, "Mutuwa ai ba ta da randebu. A kai ni bakin ruwan."

Na kai shi. Ruwa ya cika ya rufe duk inda ake tsintar ƙasusuwan, abin da wani mai kamun kifi ya gaya mana bayan mun yi awa guda ina duƙe ina tonon yashi kamar kaza. Na tsinto bawon kawa, guntun kwalba, da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Kowanne sai na sa a hannun Baba, ya shafa ya ce, "A'a." Shi kuwa ya naɗe wando ya tsaya ruwa yana dukan idon sawunsa. Ya ɗanɗana ya tofar. Ya tambayi ta wane gefe gida yake, na juya shi gabas, ya daɗe a tsaye yana fuskantar abin da ba ya gani. Rigata ta jiƙe sharkaf, sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo sun gama da wuyana.

Walterboro, kwana

Masaukan tsibirin na masu hutu ne, kuɗinsu ba na irinmu ba, don haka muka sake komawa mil arba'in da biyar baya. Mun samu ɗaki mai gado biyu a dala arba'in da tara, mai masaukin Ba'indiye ne, ya nuna mana alƙibla ba tare da mun tambaya ba. Dambu ya ƙare. A gidan abincin da ke kusa komai da alade, har ganye, sai soyayyen kifi da wani farin abu na masara da suke ci. Baba ya kai loma ɗaya ya ce, "Wannan tuwo ne da ya fasa, ko kunu ne da ya yi girman kai?" Ya cinye tas, ya ce a ƙaro.

Na kira Rakiya ta wayar masaukin bayan magariba. Na ce, "Gobe in matar nan ta nuna masa gaskiya ya ƙi yarda, wallahi ban san abin da zan yi ba. In kuma ya yarda babu wani baduku, sai ya ce to bai cika alkawari ba, a nemo kabarin." Ta ce, "Ya ci abinci?" Na ce har da ƙari. Ta ce, "Wata biyar ban ga ya nemi ƙari ba." Na ce ni ba maganar abinci na kira mu yi ba.

Lahadi: teburin Misis Loretta

Takwas daidai muka ƙwanƙwasa shuɗiyar ƙofar. Tsohuwa ce gajera, ta yi shekara talatin tana koyar da kimiyya kafin ta yi ritaya, ta riga ta sa hular coci. Ta kama hannun Baba da hannu biyu. Baba ya gaishe ta, ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi gida da gajiya da ruwa da sauro, ni ina tsakiya ina juya kowace gaisuwa. Sannan ya ce a tambaye ta ko an kawo mutanenmu nan. Ta yi dariya ta nuna fuskarta, sai ta tuna ba ya gani, ta ɗaga hular, ta ɗauki hannunsa ta ɗora kan gashinta. Ta ce kakanninta sun noma auduga a tsibirin nan, suna kwance bayan coci, da yawa babu suna a kansu.

Ta kai mu garejinta. A kan dogon tebur ta zuba abin da ta tsinta tun tana budurwa: haƙoran kifaye, haƙorin doki, da tire guda cike da irin ɓallin Baba, sun fi arba'in. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata yau gardama ta ƙare.

Ta buɗe wani littafi ta shiga bayani irin na malaman makarantar lakwal, ni kuma ina fassarawa da murya mai ƙarfi, ina jin daɗin kowace kalma. Ta ce ɓallin nan a cikin fatar dabbar suke tsirowa, su haɗu gefe da gefe su zama ƙoƙo guda wanda ba ya lanƙwasa, ba kamar na ƙaramar da muka gani a hanya ba. A kanta akwai kwalkwali na ƙashi, jelarta zobba ce. Ta ɗauko wasu masu kusurwa huɗu, dogaye, ta ce waɗannan na wani ɗan'uwanta ne, shi ma ƙato, mai ɗamara uku a tsakiya. Ta ce asalinsu duka Kudancin Amurka ne, can suka daɗe a tsare teku ta kewaye su. Da ƙasa ta haɗe a Panama, wajen shekara miliyan uku da suka wuce, sai suka tako arewa, suka bazu Mexico, Arizona, Texas, Florida, har nan bakin tekun Carolina, suna bin wurare masu ɗumi da ruwa da ciyawa. A lokacin, in ji ta, teku tana can nesa, inda ruwa yake yanzu fili ne suna kiwo, shi ya sa igiya ke amayo ƙasusuwansu.

Baba ya ce, "Ashe su ma baƙi ne. Da ƙafa suka zo?" Ta ce da ƙafa. Ya ce, "Ba biza."

Ya ja kujera ya zauna gaban tiren. Ya riƙa ɗauka yana shafa gefuna, yana ajiye wannan yana ɗaukar wancan, yana jera masu kauri ɗaya kusa da juna. Masu tudu kamar ƙaya ya ware su gefe ya ce waɗannan na baki-baki ne, nan ake yin lafi. Misis Loretta ta dafe ƙirji ta ce haka ne, na gefen ƙoƙon ne, ita sai da ta yi shekaru kafin ta gane.

Na kasa haƙuri. Na ce, "To Baba, ka ji da hannunka. Baduku ɗaya zai sassaƙa hatimi arba'in iri ɗaya ya zuba a teku? Mako uku ina faɗa. Mil ɗari uku, kwana a hanya, jandarma, aikina na Asabar ya tafi, duk a kan abin da na gaya maka tun a falo!" Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba.

Bai juyo wajena ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro basillarsa, wadda ban ma san ya taho da ita Amurka ba. Ya ɗauki nasa ɓallin, ya bi layin zanen da tsinin har ya faɗa wani ɗan rami a mahaɗar layuka, sannan wani, sannan wani. Ya fuskanci Misis Loretta.

Ya ce, "A gaya mata waɗannan ƙofofin gashi ne. Nan gashi ke fitowa."

Na fassara. Ta ce ƙwarai kuwa, dabbar tana da gashi tsakanin sulken.

"A gaya mata daren farko na ɗauka hatimi ne, da gaske. Kwana uku da zuwan abin na sa basilla na ji ramukan. Wanda ya yi shekara hamsin a kan fata ba ya ɓata ƙofar gashi."

Na buɗe baki ban fassara ba. Ya ci gaba, fuskarsa tana wajen matar, muryarsa a kwance kamar yana cinikin kube.

"A gaya mata ina da wani a ƙasar nan. Wata biyar ina gidansa. Bai rage ni da komai ba, ci da sha da likita. Yana fita ban tashi ba, yana dawowa na kwanta. Ƙarar mukullinsa na sani. A gaya mata a wajenmu uba ba ya ce wa irin wannan ɗan zo ka zauna. Sai abin nan ya shigo gida, ya riƙa zama kullum yana yi mini faɗa, minti arba'in. Na ce in na yarda dabba ce, ya tashi. A gaya mata shekara goma sha ɗaya rabona da muryarsa in ba ta waya ba, kuma in an buɗe idon nan jirgi zan hau."

Ya mayar da basillar aljihu. Misis Loretta ta dube ni ta ce, "Me ya ce?"

Da ƙyar na ce, "Ya ce fata ce. Ya ce kin yi gaskiya."

Ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon da ta yi wa 'yan makaranta shekara talatin. Ta ce, "Ya faɗi fiye da haka, ɗana." Na ce eh. Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga ciki ta kawo mana shayi mai ƙanƙara, ta daɗe kafin ta fito.

Kafin ta shiga coci ta kai mu bayan ginin, ƙarƙashin itatuwan nan masu gemu. Baba ya ce ko babu baduku a cikinsu, akwai wanda ya taɓa yin alwala. Ya ɗaga hannu, na ɗaga, ita kuma ta sunkuyar da kai ta yi irin tata. Da za mu rabu ta ƙara wa Baba ɓalli ɗaya na baki-baki, ta ce idan yana son ya ga ƙoƙon a haɗe, akwai a wani gidan tarihi a Florida.

Komawa

Goma da rabi da minti goma muka bar tsibirin. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba: haushin mako uku da aka yi ana wasa da hankalina, haushin wannan kunya tamu da ke sa uba ya yi mil ɗari uku kafin ya faɗi magana huɗu, ya kuma faɗa wa baƙuwa. Wanda ya fi duka shi ne haushin kaina, da na iya lissafin minti arba'in ban taɓa tambayar me yake yi da sauran awoyin ba.

Da muka hau 95 na tsaya a hamsin da biyar ba tare da an gaya wa direba ba. Na tambaye shi yadda kakansa ke jiƙa fata kafin ya buga hatimi. Ya ce, "Yanzu ka tambaya?" Sannan ya fara, bai tsaya ba har Florence. A can muka sa mai, muka ci burodi da kifin gwangwani. Wajen Rockingham ya sa na tsaya ya sake murza ganyen nan, wai ko jiya hancinsa ne. Yau ma ba sa jima.

Biyar da minti ashirin na yamma muka shiga Greensboro, mil ɗari shida da casa'in a allon mota in an haɗa da ɓata da komawa Walterboro. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Alhaji Tanko, motarsa ta yi rawa amma ba ta faɗi ba. Na gode wa Dale, da jandarman da ya zuba ruwa, da Misis Loretta da ta san lokacin da ake shiga ciki a daɗe.

Rakiya ta tare mu a ƙofa tana kallon fuskata don ta karanta labari. Baba ya zauna, ya cire hula, ya jera ɓallinsa biyu kan talabijin. Ya ce, "Ɗiyata, gaya wa mai gidanki randebu ƙarfe bakwai ne, kada ya makarar da ni." Rakiya ta rufe baki da mayafi. Ni kuma na ɗauki waya na kira mai kamfanin shara na ce a cire ni daga aikin yamma na mako huɗu, ya yi ta faɗa, na bar shi ya gama.

Ina ajiye wayar Baba ya ce, "Ɗiyata, matar nan ta ce akwai cikakke a Florida. Tambaye shi nisan wurin."

Na amsa da kaina. Na ce, "Ya fi mil ɗari biyar, Baba. Awa takwas ne, da irin tsayawarka kuma sha biyu."

Ya ce, "Sha biyu." Ya gyara zama. "Madalla."